Yadda nake nuna wa ɗalibai cewa wake ma yana numfashi

Duk malamin bayoloji a babbar sakandare ya san wannan layin: gulukos da oksijin su haɗu, su ba da kabon dayoksaid da ruwa da ƙarfi. Yara suna haddace shi tsaf, har da lambobinsa, C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + ƙarfi. Amma tambaye su inda abin yake faruwa, sai ka ga sun dafa ƙirji. A wurinsu wannan aikin huhu ne, abin da ba shi da hanci kuwa babu ruwansa da shi. Ka ce musu iri da saiwar masara da ƙwaron da ke cikin buhu duk suna jan oksijin dare da rana, za su ce "to, Malam" don ladabi, amma a zuci ba su yarda ba. Ni kuma ba na jin na koyar da wannan babi sai yaro ya ga abin da idonsa. Ga yadda nake yi, da kayan da ake samu a kasuwar kowane gari.

Kana bukatar rabin mudun wake mai kyau wanda bai huje ba, na bana, domin tsohon wake yakan ƙi tsira. Sai kwalabe huɗu masu faɗin baki da murfi mai kamawa, irin na mayonis. Sai auduga, guntun kyandir, waya mai lanƙwasuwa, sirinji sabo, robar ƙarin ruwa sabuwa guda biyu daga kemis, ɗan ruwan bilic na wanki, da ɗan soda irin ta masu haɗa sabulu. Idan akwai filas biyu na shayi da ma'aunin zafi biyu na ɗakin gwaji, to madalla. Ma'aunin zafi na asibiti ba zai yi ba, don bai wuce tsakanin digiri 35 da 42 ba.

Abin da ya fi ba malamai wahala shi ne ruwan gwajin kabon dayoksaid, wato ruwan kalsiyam haidiroksaid. In akwai shi a makarantarku, shi ke nan. In babu, je wurin masu walda da kabaid, ka roƙi farin taɓon nan da suke zubarwa bayan kabaid ya gama ba da iskarsa. Yawancinsa wannan sinadarin ne. Ka tabbata ya gama ci, ko an zuba masa ruwa ba ya kumfa. Ɗebi cokali ɗaya ka zuba a gorar ruwa mai tsabta, ka girgiza sosai, ka rufe, ka bar shi ya kwana. Da safe garin ya kwanta a ƙasa, saman ya yi garau. Wannan na saman za ka tsiyaye a hankali cikin wata gorar, ka rufe da kyau, domin in ya sha iska zai yi ɓawo a sama ya rage ƙarfi. Alli ba ya wannan aikin, kada ka ɓata lokacinka a kansa. Kuma kada ruwan ya shiga idon kowa.

Da yamma ka jiƙa waken ya kwana. Washegari ka raba shi biyu. Rabi ka tafasa shi minti goma ka bar shi ya huce sarai, rabi ka bar shi yadda yake. Duka biyun ka ɗauraye su a ruwan da ka ɗiga wa bilic kaɗan, mai ran kuma ka sake ɗauraye shi da ruwa mai tsabta. Wannan ɗaurayar ita ce mutane suke rainawa, ita ce kuma take lalata gwajin. Dafaffen wake a zafin ƙasarmu ba ya jimawa ƙwayoyin cuta da fumfuna suke hawansa, su kuma masu rai ne, suna numfashi. Sai ka wayi gari kwalbar da ka ce matacciya ce ta fi mai ran aiki, yara su rikice.

Shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a gindin kwalabe biyu. Damshi ake so, ba tafki ba: waken da ya nutse a ruwa ba ya samun iska. Zuba mai rai a ɗaya, dafaffe a ɗaya, kowanne ya kai kamar sulusin kwalbar. Huda ƙaramin rami a kowane murfi, ka toshe shi da narkakken kyandir, ka rufe gam. Rubuta suna a jikin kowace, ka ajiye su a kabad mai duhu kwana ɗaya zuwa biyu.

Ranar gwajin, kafin ka taɓa komai, ka zagaya da kwalbar mai ran su duba. Za su ga fatar waken ta tsage, ɗan farin tsiro ya leƙo ta wajen idon, ya lanƙwashe yana neman ƙasa. A jikin gilashin daga ciki kuma akwai raɓa. Sannan ka zuba ruwan gwajin a ƙananan kofuna uku masu haske. Ka kira yaro ɗaya ya hura na farko da tsinken shan lemo, a hankali, ya hura kawai kada ya zuƙa. Kafin ya gaji ruwan ya yi fari. Wannan ba ya ba su mamaki, ai mutum ne. Yanzu ka soka allurar sirinji ta cikin kyandir ɗin da ke murfin dafaffen waken, ka ja iska, ka tura ta cikin kofi na biyu. Ruwan zai zauna garau, ko ya ɗan dusashe da ƙyar. Ka yi haka da kwalbar mai ran a kofi na uku. Tun a turawa ta farko ko ta biyu za ka ga fari yana tashi daga bakin allurar yana bazuwa, har ruwan ya yi kalar na yaron. A nan ajin yakan yi tsit, daga baya surutu ya ɓarke. Farin nan kalsiyam kabonet ne, wanda ke samuwa idan kabon dayoksaid ya haɗu da ruwan. In wani mai ƙwazo ya ci gaba da hurawa har ruwan ya sake washewa, ba lalacewa ya yi ba: yawan iskar ne ya narkar da farin.

A nan ne nake ba su lambobi, don yanzu suna da inda za su rataye su. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, kabon dayoksaid kuwa kusan 0.04 ne kacal. Wadda muke fitarwa tana da oksijin kusan kashi 16, kabon dayoksaid kusan kashi 4. Wato ya ninka kusan sau ɗari a shiga ɗaya da fita ɗaya.

Sai kyandir. Ɗaura guntunsa a waya, ka kunna, ka buɗe kwalbar dafaffen waken ka zura shi a hankali. Zai ci gaba da ci. Buɗe ta mai ran, ba tare da ka girgiza ta ba, ka zura. Wutar za ta ƙanƙance ta mutu. Amma ka faɗa musu gaskiya: mutuwar kyandir ba ta nufin oksijin ya ƙare ƙaf. Kyandir yana mutuwa tun oksijin yana wajen kashi 16 cikin ɗari. Abin da muka gani kawai shi ne iskar ta canza.

Malamai da yawa a nan suke tsayawa, ni kuwa ina ganin tsayawa a nan zalunci ne ga darasin. Fitar kabon dayoksaid kaɗai ba hujja ba ce cewa an yi amfani da oksijin. Yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi yana fitar da kabon dayoksaid ko babu oksijin, shi ne ma yake kumbura ƙullun. Waken kansa, in ka bar shi a rufe kwana huɗu ko biyar, zai koma wannan hanyar. Buɗe kwalbar ka ji: wani tsami-tsami mai kama da warin giya, tsiron kuma ya tsaya cak ya fara yin ruwan ƙasa. Saboda haka dole mu nuna shigar oksijin ɗin ita kanta, kuma wannan ne gwajin da na fi ƙauna.

Ɗauki sauran kwalabe biyun. A wannan karon ka sa waken da ya riga ya fara tsira a ɗaya, dafaffe a ɗaya. Zuba soda kamar cokali ɗaya a ƙaramin murfin gora, ka ɗora shi a kan waken yadda ba zai kife ba, ba kuma zai taɓa su ba. Kai da kanka za ka yi wannan, da cokali, ba da hannu ba, kuma ba yaro ba, domin soda tana ƙona fata. Aikinta a nan ɗaya ne: duk kabon dayoksaid da waken ya fitar, ta shanye shi. Huda murfin kwalbar, ka zura bakin robar ƙarin ruwan, ka liƙe kewayen da narkakken kyandir har sai ka tabbata iska ba ta da wata ƙofa sai ta cikin robar. Tsoma kwalaben biyu a baho ɗaya na ruwa, don zafinsu ya zama ɗaya, ka jira kamar rubu'in awa komai ya daidaita. Sannan ka kwantar da kowace roba a kan tebur a jikin rula, ka manne ta da salatif, ka sa ɗigo ɗaya na ruwan zoɓo a bakinta da sirinji.

Yanzu sai kallo. Sa yaro ɗaya ya riƙe agogo, wani ya riƙe biro. Jan ɗigon da ke robar waken mai rai zai fara rarrafawa zuwa wajen kwalbar. Ba ya gudu, sai ka sa masa alama ka ɗauke ido ka dawo sannan ka ga ya wuce ta. Kowane minti biyar su rubuta inda ya kai. Na dafaffen waken yana nan inda aka bar shi, ko ya ɗan motsa kaɗan. Ka bar su su yi ta gardama a kan dalilin kafin ka sa baki. Waken yana jan wata iska daga cikin kwalbar, wadda yake mayarwa kuma soda ta kama, don haka iskar ciki tana raguwa, ta waje tana turo ɗigon. Tafiyar ɗigon nan ita ce oksijin da waken ya ci. Hana kowa riƙe kwalbar a hannu, domin ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya kumbura iskar ya mayar da ɗigon baya. In ɗigon ya ƙi motsi sam, kusan kullum murfin ne yake yoyo.

Idan ajin masu kaifin kai ne, ka maimaita ba tare da soda ba, sau ɗaya da wake, sau ɗaya da gyaɗa mai tsira. Da wake ɗigon ba ya wani tafiya, saboda abincinsa yawanci sitaci ne, oksijin shida ke shiga kabon dayoksaid shida su fito, kamar yadda layin ya ce. Da gyaɗa kuwa zai matsa ciki ko babu soda, domin abincinta yawanci mai ne, shi kuma mai ya fi cin oksijin: a kan kowane goma da suka shiga, kusan bakwai ne ke fitowa.

Gwajin zafi ba shi da wuya. Wake mai tsira a filas ɗaya, dafaffe a ɗaya, ma'aunin zafi a tsakiyar kowanne, a toshe bakin da auduga, ba da murfi ba, don iska ta riƙa shiga. A duba safe da rana har kwana uku ko huɗu. Mai ran zai ɗara ɗan'uwansa da 'yan digiri. Tambayar daga ina mai rai ke samun wannan zafin tsohuwa ce. A hunturun 1782 zuwa 1783, a Faransa, masana kimiyya Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace sun sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da ƙanƙara ta kewaye, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da zafin da gawayi ke bayarwa idan ya fitar da kabon dayoksaid daidai wannan adadin. Lissafin ya zo kusa da juna, suka ce numfashi ƙonewa ce mai tafiya a hankali.

Sai bayan duk wannan nake komawa allo, domin yanzu su ne ke tambaya: a ina cikin waken? Amsar ita ce a cikin kowace ƙwayar halitta mai rai, tasu da ta waken duka. Matakin farko yana faruwa a ruwan cikin ƙwayar: a raba gulukos mai kabon shida gida biyu, kowane ɓangare da kabon uku. Wannan ba ya bukatar oksijin, ribarsa kuma ATP biyu ce rak. ATP shi ne ɗan sinadarin da ƙwayar ke biyan kowane aiki da shi, daga motsa tsoka har tura saiwa cikin ƙasa. Daga nan ɓangarorin su shiga mitokondiriya, wato wasu 'yan ƙananan sassa a cikin ƙwayar, inda ake warware su a wani zagaye da Hans Krebs ya bayyana a 1937 a Ingila, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1953. A nan ake sakin kabon dayoksaid ɗin da ya faranta mana ruwa, a kuma tattara haidirojin da ilektiron ɗin da aka cire daga abincin.

Mataki na ƙarshe shi ne gidan oksijin, kuma shi ne ya fi wuyar bayani. Nakan tuna musu da leburori a wurin gini, sun yi layi suna miƙa wa juna bulo har ya kai ga magini a kan katanga. A jikin fatar ciki ta mitokondiriya akwai jerin sinadarai masu miƙa wa juna ilektiron haka, kuma ƙarfin da ke fita a wannan miƙe-miƙen ne ake haɗa mafi yawan ATP da shi. Oksijin shi ne na ƙarshe a layin. Shi ke karɓar ilektiron ɗin, ya haɗa da haidirojin, ya zama ruwa. In ya tashi daga wurin, na bayansa ba shi da wanda zai miƙa wa, shi ma na bayansa haka, layin duka ya tsaya. Abu biyu nake so su riƙe a nan. Na ɗaya, oksijin da muka shaƙa ruwa yake zama, ba shi ne yake juyewa ya fito a matsayin kabon dayoksaid ba. Na biyu, bambancin ribar: ATP biyu idan babu oksijin, wajen 30 zuwa 32 idan akwai. Tsofaffin littattafai suna cewa 38, kuma ɗalibi zai iya cin karo da wannan adadin a jarrabawa, don haka ya san duka biyun. Wannan tazarar ce ta sa ƙwaƙwalwar mutum, wadda nauyinta bai fi kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 na oksijin, ba ta jure 'yan mintoci babu shi. Gubar sayanaid, irin wadda ke fita daga rogo mai ɗaci in ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba, a daidai wannan mataki na ƙarshe take kamawa: ga oksijin a jini, amma ƙwayar ba ta iya amfani da shi.

Ba na rufe babin sai na kai su ga rumbu, domin yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoma ne, kuma sun san baƙin cikin buɗe buhun wake a tarar ya zama gari da ramuka. Ƙwaron wake yana saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta yi ta ci. Ita ma da oksijin take rayuwa. A kan wannan aka gina buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, bayan aikin da suka fara da abokan aikinsu a arewacin Kamaru. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijeriya da Nijar. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, babu ko ɗigon magani. In an ɗaure kowace leda daban an matse iskar, ƙwarin da ke ciki su ne ke cinye oksijin ɗin da kansu, su daina ci, su daina haihuwa. Masu binciken sun kuma gano cewa ƙishirwa na cikin abin da ke kashe su. Tsutsar da ke zaune a busasshen wake ba ta da inda za ta sha, yawancin ruwan jikinta daga numfashinta yake fitowa, wato 6H2O ɗin nan da yara ke rubutawa a ƙarshen layi ba su kula da shi ba. Oksijin ya yanke, ruwan ya yanke.

Daga nan su da kansu suke fitar da ƙa'idojin. Me ya sa dole waken ya bushe ƙarau kafin a ɗaure? Domin busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai, mai damshi kuwa zai yi abin da na filas ya yi, ya yi zafi ya yi gumi, fumfuna ta samu wuri. Me ya sa ake hura ledar a duba ko ta huje kafin a zuba? Me ya sa ba a buɗewa kowane mako a ɗebi na miya? Me ya sa ake ɗora buhun a kan katako nesa da bango da ɓera? Duk amsa ɗaya ce, kuma sun gan ta a robar ƙarin ruwa lokacin da murfi ya yi yoyo.

Aikin gida da nake bayarwa shi ne kowa ya samo gorar roba biyu busassu da wake mai ƙwari. Ya cika ɗaya har wuya ya ɗaure murfin gam ya naɗe da salatif, ɗayar ya zuba daidai wannan adadin ya rufe bakin da ƙyalle kawai. Ya ajiye su wuri ɗaya a inuwa, kada ya buɗe. Bayan wata biyu kowa ya ɗebo ƙwaya ɗari daga kowace gora, ya ƙirga masu rami, ya kawo lambobin aji mu haɗa a allo. Sodar da ta rage kuwa ka narkar da ita a ruwa mai yawa, kana zuba sodar cikin ruwan ba ruwan a kanta ba, ka zubar inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, waken da ya zauna da ita a kwalba ɗaya kuma a binne shi, kada a ba akuya.